Sabuwar kwamfuta tana zafi tana kashe kanta: yadda ake gano kuskuren ɗaura kula

Matasa da dama da suka fara harkar fasaha a kan wayar hannu sukan kai matsayin da wayar ke gaza musu. Mai tace bidiyo da CapCut yana son komawa Premiere Pro ko DaVinci Resolve, mai koyon rubuta manhaja yana son Android Studio ta buɗe ba tare da dogon jira ba, mai buga gem kuma yana son hoto mai kyau. Da yake kwamfutar tebur mai ƙarfi tana da tsada idan kamfani ne ya haɗa ta, sai wasu su riƙa sayen kayan ɗaya bayan ɗaya, wani sabo wani na hannu, a Beirut Road da ke Kano ko Banex a Abuja ko Computer Village a Ikeja, sannan su zauna su haɗa da kansu.

Yawancin aikin ba shi da wuya, domin kusan kowane abu wuri ɗaya yake shiga, kuma ta fuska ɗaya. Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne wajen ɗaura na'urar da ke sanyaya firosesa, wadda masu harkar ke kira kula. Ana iya ɗaura ta ba daidai ba, amma a ido a ga kamar ta zauna daram. Sai an kunna kwamfutar sannan fanka ta kama ƙara kamar injin markaɗe, ko aiki ya riƙa tafiyar hawainiya, ko kwamfutar ta ɗauke ɗif bayan minti biyu.

A nan ne kuɗi ke salwanta. Wani zai yanke hukuncin cewa kular ce ba ta da kyau ya sayo wata, wani ya koma shago da rigima, wani kuma ya yi ta kuncewa da ɗaurewa cikin fushi har ya lanƙwasa alluran soket, ɓarnar da garanti ba kasafai yake ɗauka ba. Alhali sau da yawa kayan lafiyarsu ƙalau. Abin da ya hana su aiki bai wuce leda da aka manta, ko waya da aka jona a wani wurin, ko noti ɗaya da bai kama ba. Dabarar ita ce a bi matsalar daki-daki, daga abin da ba ya buƙatar sukudireba zuwa wanda ke buƙata.

Aikin da kula take yi

Duk mai waya ya san yadda take ɗumi idan an daɗe ana gem ko ɗaukar bidiyo, har ta fara sanyin jiki. Firosesan wayar ne yake rage gudunsa da kansa don kada ya ƙone. Yawancin wayoyi ba su da fanka, domin wutar da suke ci 'yan wat kaɗan ce, jikin wayar ya isa ya fitar da zafin.

Na kwamfutar tebur ba haka yake ba. Ryzen 5 5600 an ƙiyasta shi a wat 65, Core i5-12400 yana iya kai wa wat 117 idan ya buɗe wuta, Core i9-13900K kuwa wat 253. Duk wannan zafin yana fitowa ne daga wani ɗan guntu da bai kai faɗin akwatin ashana ba. Dole a kwashe shi nan take.

Zafin yana bin hanya ɗaya. Daga cikin firosesa ya hau murfinsa na ƙarfe, ya ratsa wani kwaɓaɓɓen mai mai launin toka da ake kira tamal fes, wato man tamal, ya shiga gindin kula. Daga nan bututun jan ƙarfe su ɗauke shi. A cikin bututun akwai ɗan ruwa da ke zama tururi idan ya ji zafi, ya tafi sama ya huce, ya sake dawowa ruwa. Kusan hikimar randa ce: ruwan da ya zama tururi yana tafiya da zafi. A ƙarshe zafin ya bazu a siraran ganyen alminiyam, fanka ta hura shi waje. Duk inda wannan hanya ta yanke, nan matsalar take.

A fara da karanta alama

Kafin a taɓa noti, a duba lamba. Ana shiga BIOS ta hanyar danna Delete ko F2 da zarar an kunna kwamfutar, kuma a shafin farko yawancin madabod suna nuna zafin firosesa da gudun fanka. Idan Windows tana buɗewa, manhajoji irin su HWiNFO da Core Temp suna nuna zafin kyauta. Task Manager ba ta nuna zafin firosesa.

Saurin hawan lambar ya fi ita kanta lambar bayani. Idan ana zaune a BIOS ba a aikin komai, amma zafin yana hawa ba tsayawa, 60, 70, 80, har kwamfutar ta mutu, to zafi ba ya wucewa zuwa kula, ko kuma babu abin da ke kwashe shi. A kashe nan take. Idan kuwa ya tsaya wuri ɗaya lokacin hutu, sai an ba shi aiki mai nauyi ya riƙa hawa a hankali cikin mintuna, to kular ta zauna, ƙarfinta ne ko iskar akwatin ba su isa ba. A ɗaki mai zafin digiri 30 zuwa 35 a ma'aunin Selshiyos, ganin 45 zuwa 55 a BIOS ba abin tayar da hankali ba ne.

Akwai gwaji na biyu da ba ya buƙatar manhaja. A kai bayan yatsa kusa da ganyen alminiyam ko saman bututun, nesa da fanka. Idan allo yana nuna 95 amma ƙarfen sanyi ƙalau, zafin ya maƙale a ƙasa. Idan ƙarfen ya yi zafi, iskar da ke fita ma da zafi, to ɗaurin ya yi.

Yana da kyau a san iyakar kowane firosesa. Yawancin na Intel daga ƙarni na 12 zuwa na 14 suna fara rage gudu a digiri 100. Yawancin Ryzen 7000 kuwa kamfanin AMD ya tsara su ne su riƙa ƙara gudu har su taɓa 95 a aiki mai nauyi, ko da kular mai kyau ce. Saboda haka ganin 95 a irinsu lokacin fitar da bidiyo ba lallai kuskure ba ne. Ganin 95 ana kallon fuskar Windows kawai shi ne matsala.

Fanka da wayarta

Abu na farko da za a duba da ido: fankar tana juyawa? Idan ba ta juyawa, a bi wayarta. Madabod yana da wuraren jona fanka da yawa masu kama da juna, amma an rubuta sunan kowanne da ƙananan haruffa. Fankar kula tana shiga inda aka rubuta CPU_FAN ne, galibi a saman soket. Idan aka kai ta SYS_FAN ko CHA_FAN za ta iya juyawa, amma ba lallai gudunta ya bi zafin firosesa ba, kuma wasu madabod, musamman na ASUS, za su tsaya su rubuta CPU Fan Error. Akwai masu shiga BIOS su kashe wannan gargaɗin don su wuce. Ba a yin haka sai an tabbatar da ido cewa abin da ke sanyaya firosesa yana aiki.

Kan wayar fanka iri biyu ne, mai rami 3 da mai rami 4. A mai 4, na huɗun shi ne ke ɗauke da umarnin rage gudu ko ƙarawa, tsarin da ake kira PWM. Mai rami 3 yana shiga mazaunin mai allura 4 lafiya, wani ɗan harshen roba ne ke nuna fuskar da zai shiga. Sai dai idan ba a sauya tsarin zuwa DC a BIOS ba, fankar na iya yin ta gudu a ƙarshen ƙarfinta dare da rana. Yawan ƙara ba kullum yake nufin zafi ba.

Sai fuskar iska. A doguwar kula mai tsaye, fanka tana zama ta ɓangaren RAM, tana tura iska ta cikin ganyen zuwa bayan akwati, inda wata fankar ke fitar da ita. Iska tana fita ne ta fuskar da ke da sandunan da suka riƙe injin fankar, kuma wasu suna da kibiya a gefe. Idan aka juya ta, fanka biyu za su riƙa ja-in-ja da iska ɗaya. Ɗan zare ko yankin tishu da aka riƙe a gaba zai nuna inda iskar ta nufa. A kuma duba ko wata waya ta shiga tsakanin fukafukan ta tare su.

Yadda ake cire kula ba tare da ɓarna ba

Idan fanka lafiya take amma zafi bai sauka ba, lokacin kuncewa ya yi. A kashe kwamfutar, a zare wayar wuta daga bango, a danna maɓallin kunnawa na 'yan daƙiƙu don ragowar wutar ta fita. A kwantar da akwatin a gefensa. A lokacin hunturu, da iska ke bushewa har mutum ya taɓa ƙofar mota ya ji tartsatsi, a riƙa taɓa ƙarfen akwatin kafin a taɓa madabod.

Masu soket AM4 na AMD, wanda Ryzen 1000 zuwa 5000 ke hawa, su ne suka fi buƙatar hattara. A wannan tsarin allurai 1,331 suna jikin firosesa ne, kuma abin da ke riƙe shi a soket ba shi da ƙarfi sosai. Idan man tamal ya bushe ya kama kamar gam, aka fizgi kula sama, sai ta taho da firosesa manne a gindinta. Maganin shi ne a cire ta tun man yana da ɗumi, wato jim kaɗan bayan an kashe kwamfutar. A sassauta noti kaɗan-kaɗan, a murɗa kular hagu da dama a hankali har ta saki, sannan a ɗaga. Idan duk da haka firosesa ya taho, kada a danna shi ya koma. A raba shi da kular a hankali, a ɗaga sandar soket, a duba alluran a haske, sannan a ajiye shi ya faɗa da kansa, alamar kusurwa uku ta jikinsa tana daidai da ta soket.

A Intel da AM5 alluran suna cikin soket ne, kuma sun fi gashi laushi. A bar firosesa a kulle a mazauninsa yayin gogewa, don kada tsumma ko mai ya kai gare su.

Abin da man tamal ke faɗa

Kada a yi saurin gogewa. Shatin da man ya bari a saman firosesa da gindin kula shi ne shaidar yadda ɗaurin ya kasance.

Idan ya bazu siriri ko'ina, har ana hango ƙarfen ta cikinsa, kula ta zauna daidai, sai a nemi matsalar a wani wuri. Idan gefe ɗaya ya yi kauri ɗayan kuma siriri ko babu, kular ta karkace, wani noti ya fi wani ɗauruwa. Idan ɗigon yana nan a dunƙule kusan yadda aka sa shi, ƙarfe bai taɓa ƙarfe ba, wanda ke nuna an yi amfani da kayan ɗauri na wani soket daban.

Sai kuma kuskuren da ya fi ba da kunya, wanda ko ƙwararru ba su tsira daga gare shi ba. Sabbin kuloli da yawa suna zuwa da leda garai-garai manne a gindinsu don kare shi daga ƙarzuwa. Wani lokaci akwai rubutu a kanta, wani lokaci sai an sa farce za a gane tana nan. Idan aka bar ta, ta zama bango tsakanin zafi da hanyarsa. Ɓare ta kawai ya isa ya sauko da zafi sosai.

Me ya sa ake sa man tun farko? Saman firosesa da gindin kula suna da santsi a ido, amma suna da ƙananan ramuka da iska ke maƙalewa a ciki. Jan ƙarfe ya fi iska wuce da zafi sau dubbai. Man tamal bai kama ƙafar jan ƙarfe ba, amma ya fi iska nesa ba kusa ba. Aikinsa cike ramukan ne kawai, shi ya sa siririn shafi ya fi mai kauri.

Ɗigo ɗaya kamar ƙwayar waken suya a tsakiya ya wadatar wa AM4 da tsofaffin Intel. Na LGA 1700 dogo ne, ya fi son ɗan layi a tsaye ko ɗigo a tsakiya da ƙanana a kusurwoyi. Matsin kula ne zai baza shi. Idan ya ɗan yi yawa, ƙazanta ce kawai, domin sanannun mai irin su Arctic MX-4 da Noctua NT-H1 ba sa wuce da lantarki. Ƙarancinsa ya fi yawansa illa. Kular da ta zo da manta a shafe daga kamfani ba ta buƙatar ƙari. Kuma duk lokacin da aka ɗaga kula, a goge tsohon a sa sabo.

Ana gogewa da sifirit na isofurofil mai ƙarfin kashi 90 cikin 100 ko sama, da tsumma marar gashi. Ban da fetur, ban da kananzir, ban da ruwa. Man goge baki da ake gani a wasu bidiyoyi yana bushewa ya farfashe, ba madadi ba ne. Haka nan sabon shiga ya nisanci nau'in da ake kira ruwan ƙarfe: yana wuce da lantarki, kuma sinadarin galiyam da ke cikinsa yana cin alminiyam.

Kowane soket da kayan ɗaurinsa

Wannan ita ce matsalar da ta fi kama masu sayen kula ta hannu, domin sau da yawa tana zuwa ba tare da jakar ƙananan kayanta ba, ko da na wani soket.

A Intel, ramukan madabod na LGA 1150, 1151, 1155, 1156 da 1200 suna da tazarar milimita 75. Da LGA 1700 ya fito a ƙarshen 2021 tare da ƙarni na 12, tazarar ta koma milimita 78, kuma saman firosesa ya ɗan yi ƙasa da na da. LGA 1851 na 2024 ya riƙe tazarar 78. Wasu madabod na ASUS sun zo da ramuka iri biyu don tsohuwar kula ta shiga, amma shiga daban, matsewa daban. Idan ginshiƙan ɗaurin na tsohon tsayi ne, kular na iya tsayawa sama kaɗan, noti ya ƙure amma matsin bai isa ba. Kamfanoni sukan bambanta waɗannan ginshiƙai da launi ko rubutu, saboda haka a karanta takardar da ta zo da kula, ko a sauko da ita daga shafin kamfanin a waya.

A AMD, AM4 yana da tazarar milimita 54 da 90, kuma AM5 da ya fito a Satumbar 2022 ya gaji wannan tazara. Madabod ɗinsu yana zuwa da mariƙan roba biyu a sama da farantin ƙarfe a baya. Kula irin Wraith Prism tana maƙalewa ne a jikin mariƙan. Wraith Stealth kuwa sai an cire mariƙan, noti huɗunta su shiga farantin baya kai-tsaye. A AM4, da zarar an cire mariƙan farantin yana iya zamewa ya faɗi a bayan madabod, mutum ya yi ta murɗa noti a iska. A AM5 kuma farantin yana riƙe da soket ɗin kansa, ba a cire shi. Tsohuwar kular AM4 da ke buƙatar nata farantin ba za ta hau ba sai an samo mata sabon kayan ɗauri.

Idan kayan ɗaurin ba su dace ba, kada a yi dabara da waya ko igiyar roba ko noti na shagon kayan gini. Neman kayan da suka dace ya fi sayen sabon madabod sauƙi.

Ɗauri irin na mai faci

Duk wanda ya taɓa kallon mai faci yana mayar da tayar mota ya san ba ya ƙure noti ɗaya kafin ya koma na gaba. Yana kama su duka, sannan ya riƙa tsallakawa daga wannan zuwa na gabansa. Haka ake ɗaure kula. A ajiye ta a miƙe a kan firosesa, a kama kowane noti da murɗi ɗaya ko biyu, sannan a bi su a gicciye: sama hagu, ƙasa dama, sama dama, ƙasa hagu, ana zagayawa har su tsaya. Yawancin noti masu sifirin an yi su ne su ƙure da kansu. Da sun tsaya, a tsaya.

Ya fi sauƙi a yi wannan aikin tun madabod yana waje, a kwance a kan kwalinsa. Noti mai sifirin yana buƙatar a danna kafin ya kama, kuma idan sukudireba ya zame zai iya yanke siraran layukan madabod. Kafin a ɗora babbar kula, a fara sa RAM da wayar wuta mai rami 8 ta firosesa, domin hannu ba ya shiga wurin daga baya.

Ƙaramar kular da ke zuwa a kwalin Intel ba ta da noti, ƙafafun roba huɗu gare ta. Kowace ƙafa tana da tsagaggen baki da ke ratsa ramin madabod, da wani tsinke da ke shiga ya buɗe shi. Kibiyar da ke kan tsofaffin nau'in tana nuna hanyar cirewa ce, don haka kafin ɗaurawa sai an murɗa su akasin kibiyar. A danna biyu-biyu a gicciye har a ji ƙas, sannan a leƙa bayan madabod a ga duk huɗun sun fito daidai. Ƙafa ɗaya da ta lanƙwashe a bakin rami ta isa ta karkatar da kular.

Wuce gona da iri ma yana da illarsa. Matsi mai yawa yana iya lanƙwasa madabod kaɗan har wasu allurai su daina taɓawa. Alamarsa ita ce kwamfuta ta ƙi tashi, fitilar DRAM ta madabod ta tsaya a kunne, ko RAM mai gig 16 ya nuna 8. Idan hakan ya fara bayan ɗaura kula, a sassauta kowane noti da rubu'in murɗi a sake gwadawa kafin a zargi RAM.

Masu amfani da ruwa

Kular ruwa tana da famfo a kan firosesa, da tiyo biyu, da lagireto irin na mota a ƙarami. Fankokinta na iya juyawa da fitilu masu kyau alhali famfon bai tashi ba, kuma idan ruwa ba ya zagayawa zafi zai hau cikin ɗan lokaci. Wayar famfo tana shiga AIO_PUMP ko CPU_FAN, gwargwadon abin da takardarta ta ce, wasu kuma suna buƙatar ƙarin wuta daga wayar SATA. A ɗora yatsa a kan famfon, ya kamata a ji ɗan kaɗawa. BIOS ma yana nuna gudunsa.

Wurin da aka kafa lagireto yana da tasiri. A cikin kowace irin wannan kula akwai 'yar iska, kuma iska sama take nema. Idan famfo ne ya fi komai tsayi, iskar za ta taru a cikinsa, ya riƙa ƙugi yana gaza tura ruwa. A kafa lagireto a saman akwati, ko a gaba yadda ƙarshensa na sama zai fi famfo tsayi.

Akwati, ɗaki da yanayi

Wani lokaci ɗauri ya yi, amma wurin ne bai ba da dama ba. Noctua NH-D15 tana da tsayin milimita 165, Cooler Master Hyper 212 EVO tana da 159. Kowane akwati yana da iyakar tsayin da yake ɗauka. Idan murfin gefe yana danne kan kula kafin ya rufu, yana iya karkatar da ita. Dogon RAM mai ado ma yakan tokare fanka ko gindin ganyen.

Don gane ko iskar akwati ce matsala, a cire murfin gefe a sake gwaji. Idan zafi ya sauka sosai, akwatin yana buƙatar fankar shigo da iska a gaba da ta fitarwa a baya, ba sabuwar kula ba.

Sai yanayi. Kula ba firji ba ce, ba ta iya sanyaya firosesa ƙasa da iskar da ke ɗakin. Masu gwaji a YouTube galibi suna aiki ne a ɗakin da bai wuce digiri 20 zuwa 25 ba. A Sakkwato, Maiduguri ko Yamai, zafin rana a watan Afrilu yana haura 40. Duk digiri ɗaya da ɗaki ya ƙaru, kusan ɗaya ne ke ƙaruwa a firosesa. Wanda ya ga 70 a bidiyo ya ga 82 a ɗakinsa a tsakiyar bazara, da kaya iri ɗaya, bai yi kuskuren komai ba. Amma hakan na nufin ɗan kuskuren da zai wuce ba a lura ba a ƙasa mai sanyi, a nan zai iya kashe kwamfuta.

Akwai sauƙin da ba ya cin ko sisi. Ryzen yana da tsarin Eco Mode a BIOS ko manhajar Ryzen Master, Intel kuma yana ba da damar rage iyakar wuta da ake kira PL1 da PL2. Gudun da ake rasawa yawanci kaɗan ne idan aka kwatanta da zafin da ke raguwa, kuma mai amfani da sola ko inbata zai ga amfanin a batirinsa. Ƙurar hunturu ma tana toshe ganyen alminiyam cikin 'yan watanni. A riƙa hure ta da bulowa, ana riƙe fankar da yatsa don kada iska ta juya ta fiye da ƙima.

Yaushe ne sayen sabuwa ya zama dole?

Sai an tabbatar fanka tana juyawa ta fuskar da ta dace, babu leda, shatin mai ya bazu daidai, kayan ɗauri na soket ɗin ne, akwati yana shan iska, amma duk da haka firosesa yana kai iyakarsa yana rage gudu, ganyen kula kuma sun yi zafi. A nan ne kular ta yi wa aikin kaɗan. Firosesan Intel masu harafin K ba sa zuwa da kula a kwali, kuma ƙaramar da aka yi don wat 65 ba za ta iya da su ba. Kafin a biya kuɗin wata, a tabbatar da abu uku: sunan soket a jikin kwalinta, tsayinta, da cewa jakar kayan ɗaurin tana ciki a cike.

Bayan kowane gyara, a fara da BIOS na minti biyar ana kallon lambar. Idan ta tsaya, a shiga Windows a buɗe HWiNFO, a kunna gwajin minti 10 na Cinebench R23, wanda ke sa firosesa aiki da dukkan ƙarfinsa. A rubuta mafi girman zafin da aka gani, da makin da aka samu, da watan da aka yi gwajin, a ajiye a waya. Ranar da kwamfutar ta sake fara ƙara bayan shekara guda, wannan rubutun ne zai nuna ko ƙura ce, ko man ne ya bushe, ko kuwa bazara ce kawai ta shigo.